Motar da Ba a Taɓa Wucewa Ba

"Lafiya lau, Nannu. Au, ashe ka kwana? Ni da na ji ƙararrawar coci da sassafe har na ɗauko baƙar rigata zan goge."

"Mayar da ita akwati ta ƙara tsufa. Na yi alkawari ba zan mutu ba sai na ga aurenki, kin ga kuwa ai na gagari kabari."

Hantsin Asabar ne a Kirkop, wani ƙaramin gari a tsibirin Malta. Nannu Kelinu, wato Kaka Kelinu a yarenmu, ya tsaya a ƙofar gareji, shayi a kofin gilashi a hannun dama, pastizzi, gashin fulawa mai cuku a ciki, da zafinsa a takarda a hannun hagu. Ya haura tamanin, amma har yau ba ya fita sai da gogaggiyar riga da baƙar hularsa ta aiki. Jikarsa Tiziana tana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunta kaɗai ake gani.

Motar kuwa ba sai an gaya wa ɗan garinmu ba. Sinjura ce, uwar ɗakin Kelinu, doguwar baƙar motar gawa 'yar Ingila wadda ta girmi uwar Tiziana. Fiye da rabin rayuwarsa ya yi yana tuƙa ta daga ƙofar coci zuwa maƙabarta, da tafiyar da ko tsohuwa mai sanda ba ta haki a bayanta, har aka laƙaba masa Kelinu Sannu-Sannu. Da ido ya yi rauni, abokin hamayyarsa Pawlu ya zo da sababbin motocin gawa na Jamus ya kwashe sana'ar, Sinjura ta zauna kaji suna ƙwai a cikinta. Sai Tiziana, wadda bakanikiya ce, ta roƙa aka ba ta, wai za ta kai ta tsere tsohon filin jirgi na Hal Far, inda mota biyu kan jeru su miƙe rubu'in mil a ga wa zai riga. Ya ba ta da sharaɗi guda: kome ta ga dama ta cire, ban da gadon baya, na ƙarfe da katako, inda ake ɗora akwati.

Tiziana ta zamo daga ƙarƙashi, ta miƙa baƙin hannu ta zare pastizzi ɗaya.

"Wa ya ba ki?"

"Gado na ci. Na fara karɓar rabona tun kana gani, kada a cuce ni."

"Rabon naki ai ga shi nan kin mayar da shi kwarangwal. Dubi baiwar Allah! Ina labulenta? Ina mala'ikun rufi? Wannan ƙaton abin da ya leƙo ta goshinta fa?"

"Inji ne, Nannu. Na kwale-kwalen gudu da ya bugi dutse. Mai shi cewa ya yi in kwashe masa shi daga ido."

"Injin ruwa! To ki kula, in ta hango teku can za ta nufa. Tankin mai kuma na ga kamar tulun madarar awakin kakarki Nanna."

"Shi ne. Ba ya yoyo, ba ya da nauyi."

"Tayoyin baya ko zane babu, kamar kan limamin cocinmu."

"Haka ake son su. Masu kuɗi sun yar, na tsinta."

Ya leƙa ciki, ya ƙura ido, sai ya daka tsalle irin na tsofaffi, wanda ƙafa ba ta barin ƙasa.

"Kan sandata! Wata guda ina neman sandata, ashe kin guntule kanta kin yi mariƙin giya!"

"Ai gara ta ga gudu sau ɗaya a rayuwarta. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai ka cinye zomayen Malta kaf, ina gudun?"

"Ke yarinya, kama bakinki. Ni da kike gani, ban taɓa shan kaye a titi ba. Tun ranar da aka sauke Sinjura daga jirgi, babu motar da ta taɓa wuce ta. Babu! Motar minista ta bi bayana. Motar bishop ta bi bayana. Motar kashe gobara ma sai da ta yi shiru ta bi ni har kwana, gidan ya ƙone ƙurmus."

"Don ana jin nauyin gawa ne, Nannu, ba don gudunka ba."

"Wucewa dai aka ce. An wuce ni ko ba a wuce ni ba?"

Gaskiyarsa ce kuwa. A ƙasarmu ba a wuce motar gawa, ko da kaya ko wayam, tunda ba wanda ya san abin da ke bayan labule. Wani zai ce wannan ba abin alfahari ba ne. To, ya je ya faɗa wa Kelinu, in yana da sauran kwana. Mutumin nan bai gina bene ba, bai je Ostireliya ya dawo da kuɗi kamar 'yan'uwansa ba. Abin da ya tara a duniya ke nan: bai taɓa ganin bayan wata mota ta sha gabansa ba.

Tiziana ta goge hannu da tsumma, ta daɗe tana gogewa.

"To, gobe za a wuce ta."

"Me kika ce?"

"Gobe da jikan Pawlu aka haɗa ni. Shi da jar motarsa 'yar Japan. Na gwada ita kaɗai a filin, shi ma ya gwada. Ya fi ni, da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba."

"Jikan Pawlu? Mai ɗan kunne? Yaron da ya suma a jana'izar kakarsa don ya ga kyankyaso?"

"Shi. Kuma kakansa ya sayi kujerar gaba. Ya ce zai zo da hularsa, don ya cire wa Sinjura ita in an binne ta."

Kelinu ya buga ƙafa a ƙasa.

"To ki ƙara mata wuta mana! Ki sa mata injin jirgin sama! Me ake koya muku?"

"Wuta ta ishe ta. Nauyi ne ya yi mata yawa. Na cire gilasai na sa roba, na cire kujerarka, na kankare har fentin ciki. Ni kaina na bar cin taliya. Abu ɗaya ya rage."

Ba ta nuna ba, shi ma bai waiwaya ba. Gadon yana nan a bayansu, katakonsa ya yi santsi don shekaru, ƙananan tayoyin da akwati ke gangarawa a kai suna ƙyalli. Ita ce ma take shafa musu mai.

"A'a."

"Nannu, ya fi ni da kai nauyi in an haɗa."

"Na ce a'a. Cire kanki ki sa kyanwa ta tuƙa, ta fi ki sauƙi, ta fi ki hankali."

"Aro nake nema. In mayar ranar da ka shirya."

"Abin da kika cire yana komawa ne? Ina mala'ikuna?"

"Suna ƙarƙashin gadona, naɗe da bargo. Labulen yana wurin Mama, an wanke an goge. Ko noti ɗaya ban yar ba. Kai dai ka sa rana, ni kuma in ɗaura mata kayanta tsaf. In ka ga dama ma jibi, ba ni da aiki."

"Ji 'yar banza! Sauri kike?"

"Ai sana'ata ke nan."

Bai yi dariya ba, ita ma ta lura. Ya ja wata tsohuwar taya ya zauna. Abin da ke cin ransa ba gadon kaɗai ba ne. A kan katakon nan ya kai ubansa, ya kai abokansa ɗaya bayan ɗaya, ya kai matarsa Karmena, kuma a nan yake so ya kwanta in tasa ta zo. Amma ya ji yadda Sinjura take fita daga garejin nan yanzu: ta yi gurnani, ta zabura kamar jakin da aka tsikara. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ranar ta zo a ce motar ba ta iya tafiyar mutane, a ɗauke shi a sanyayyar motar Pawlu kamar kayan kanti.

"Ko kin mayar da gadon, aikin banza ne," ya ce. "Kin lalata mata tafiya. Gudu ai kowane mahaukaci ya iya, taka totur ne kawai ka riƙe addu'a. Tafiyar sannu ita ce aiki. Ki hau tudun coci da mutum ɗari a bayanki, kada ki bar su, kada ki tsaya su yi karo da ke, kada furen da ke kan akwati ya motsa. Wannan dodon da kika ƙera zai iya? In kin ɗauke ni a ciki, sai na riga liman isa, a binne ni ba addu'a."

"Ai ka huta da wa'azinsa."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Hau."

"In hau ina?"

"Gadonka. Gani ya kori ji. Kwanta, ka ɗora shayin nan a ƙirji. Daga nan zuwa ƙofar coci. In ɗigo ɗaya ya zuba, gado ya zauna, gobe in je a wuce ni, in dawo in ba kaji motarsu. In bai zuba ba, ka ba ni aro."

"In kwanta da raina? Ke ba ki da tsoron Allah?"

"Gwaji ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko tsoro kake ji?"

Da ta ce masa don Allah, da har yanzu suna nan suna ja. Amma tsoro? Kelinu ya miƙe, ya gyara hula, ya yi alamar gicciye, ya ba ta kofin ta riƙe, ya rarrafa ya miƙe a kan katakon, kansa dab da kujerarta. Ta cika kofin daga butarta har baki, don mugunta, ta ɗora masa a ƙirji.

"Ka yi kyau, Nannu. Kamar don kai aka yi."

"Don ni aka yi. Tuƙa, kafin bayana ya riƙe."

Ta tayar da inji. Garejin ya ɗauki rawa, tattabarun maƙwabta suka watse, wani kare ya bar unguwar. Kelinu ya runtse ido, ya jira zaburar.

Ba ta zo ba. Sinjura ta zame daga gareji kamar an zuba mai a faranti. Gurnanin yana nan, yana jin sa har haƙoransa na roba, amma tafiyar, tafiyarsa ce. Ya buɗe ido ɗaya. Shayin yana 'yar rawa a bakin kofi, bai tsallake ba.

"Kin yi sauri!" ya daka mata tsawa, don kada ta ji daɗi.

"Ga kazar maƙwabciyarmu Ġuża nan ta wuce mu, Nannu."

"Kaza ba mota ba ce, ba a lissafa ta!"

"Gawa ba ta magana."

"Wannan tana yi. Kula da ramin gaban kantin burodi!"

"Na san shi. Ya girme ni."

Ta kauce masa ba tare da kofin ya sani ba. Suka shiga babban titi, wanda faɗinsa bai fi mota da rabi ba. Labule babu, robar gefe kuwa garau take, don haka duk wanda ke titi ya ga Kelinu Sannu-Sannu miƙe, da hula, hannu a ƙirji. Mata suka fito baranda suna alamar gicciye. Mai kifi ya kashe lasifikarsa. Wata tsohuwa ta fashe da kuka tana cewa jiya-jiya ta gan shi yana zagin gwamnati.

"Me ake yi a waje?" ya tambaya ta gefen baki.

"Ana kukanka."

"Da yawa?"

"Ba laifi. Ġuża ta fi kowa."

"Na sani. Tun muna samari take so na. Wa kuma?"

"Ga Pawlu can a ƙofar mashaya. Ya miƙe. Nannu, ya cire hula! Har ya sunkuyar da kai."

"Rage tafiya."

"In na rage, baya za mu koma."

"Na ce rage, in more!"

Sai da suka zo daidai teburin Pawlu, Kelinu ya ɗaga kai kaɗan, ya kama kofin da yatsa biyu, ya ɗaga wa Pawlu shi kamar mai gaisuwar biki, ya mayar ƙirji ya sake rufe ido. Abin da Pawlu ya faɗa ba zai rubutu ba. Kujerarsa dai sai da aka ɗaga ta daga ƙasa, shi ma haka.

"Ya cire wa Sinjura hula tun yau," in ji Kelinu. "Gobe sai ya nemo wata."

"Akwai ƙari. Dubi baya."

Ya leƙa ta tsakanin takalmansa. Motoci sun yi layi har kwanar kantin burodi, ba mai hon, ba mai leƙowa. Ta farkonsu ja ce, 'yar Japan, mai fiffike a baya. Jikan Pawlu yana ciki, ya cire tabarau, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana alamar gicciye.

Daɗi ya kama Kelinu har ya rasa inda zai sa kansa.

"Bar shi ya saba! Ya kalli bayanmu da kyau, gobe ma shi zai gani!"

"Ba da wannan gadon ba."

Sun iso tudun coci, inda ake gane direba. Nan ƙafa take gaya wa mutum gaskiya, don in ka saki kuloci da yawa ta zabura, in ka riƙe ta mutu. Ya juya kai a hankali don ya ga yadda take yi. Sai ya ga takalminta na hagu a ajiye gefen kujera, ƙafarta tsirara a kan kuloci, babban yatsa yana lallashinsa.

Ba wanda ya san wannan sai shi. Shekara da shekaru yana zare takalmin hagu in ya shiga mota, ya mayar kafin ya fito, don kada a ce mai motar gawa ba shi da kamun kai.

"Wa ya koya miki cire takalmi?"

Ba ta waiwayo ba.

"Ranar jana'izar Nanna. Aka ce ka bari wani ya tuƙa, ka ƙi. Ni kuma na ƙi bin Mama, ka ɗora ni a kujerar gaba. Ba na son in dubi baya, ba na son in dubi fuskarka, sai na dubi ƙafarka har muka isa."

Kelinu ya mayar da ido rufin mota. Ashe duk watannin nan da yake zaginta a kan gudu, yarinyar tana ɗauke da tafiyarsa a tafin ƙafarta. Alfahari ya cika shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da bishop ya bi bayansa.

Sinjura ta hau tudun, ta tsaya a ƙofar coci, tsayuwar da ba a jin ta. Tiziana ta kashe inji, ta zagayo ta buɗe ƙofar baya. Ta duba kofin, ta duba rigarsa. Fara tas.

"To, marigayi, mun iso. A sauke ka ko a wuce da kai?"

Ya ba ta kofin, ya zamo a kan ƙananan tayoyin har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya zauna a bakin gadon, ya karɓi abinsa.

"An ɗan yi gargada wajen kantin burodi."

"Ƙarya kake, Nannu."

"Kuma kin yi kusa da bango a kwana."

"Shayi ya zuba ko bai zuba ba?"

"Shayin ne mai haƙuri, irin na gidanmu." Ya shafa katakon da tafin hannu, ya daɗe. "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu a gidanmu kunkuru ne ya haifi barewa, sai ga shi barewar ta iya rarrafen ma. Notunan ƙasa sun yi tsatsa, ki jiƙa su da mai tun yanzu. Kuma a ɗakina za a ajiye shi, ba cikin tarkacenki ba."

"Ka ba ni ke nan?"

"Aro. Sunkuyo."

Ta sunkuya. Ya cire baƙar hular, wadda ba a taɓa ganin kansa babu ita a titi ba, ya kifa mata a kan gashinta mai ƙaurin man inji.

"Ki ajiye ta a gaban mota gobe, ta ga hanya. Sharaɗi biyu ne. Gobe kada kowa ya wuce ki. Ranar tawa kuma kada ki wuce kowa."

Tiziana ta ja hular ta rufe idonta da ita, ta ɗan jima a haka. Da ta ɗago, murya ta dawo daidai.

"Na ji. Amma kada ka kuskura ka mutu kafin Litinin, Nannu. Babu gado, sai dai in ɗaure ka a rufi tare da mala'iku."

Kelinu ya tuntsire da dariya, ya yi ta yi har da tari, kafaɗunsa suna rawa. Shayin da ya hau tudun coci bai zuba ba, sai ga shi ya kife kaf a kan gogaggiyar rigar.